Wanda Ya Fara Sa Hannu

Shekara huɗu na yi ina gadi a wani rukunin gidajen haya a Maitama, irin gidajen da ko karen cikinsu yana da likitansa. Ma'aikatan ofisoshin jakadanci ne da manyan 'yan kasuwa suke zaune a ciki. Ni dai tawa ƙofa ce, daga shida na safe zuwa shida na yamma. Ina da difloma, amma ranar da na je neman aikin takardar sakandare kawai na nuna, domin wanda ya yi mini hanya ya ja mini kunne cewa ba sa son mai ilimin da zai zo yana bin takardarsu layi-layi. Na ninke diflomar na sa a ƙasan akwati, na karɓi kaki da hula. Abokan aikina sun san ina da ita, ofis ne bai sani ba.

Ba masu gidajen ne suka ɗauke mu ba. Wani kamfani aka bai wa kwangilar kula da wurin, shi kuma ya ɗebo mu. Mai kamfanin mutum ɗaya ne, ban taɓa sa shi a ido ba. Manaja ma ɗaya ne, yana da ɗan ofis a cikin gidan kusa da tankin ruwa, yana zuwa Talata da Juma'a. Amma a takarda kamfani uku ne: masu gadi nasu daban, masu shara da goge-goge nasu daban, masu kula da fulawa da ciyawa nasu daban. Har kayan aikinmu ba launi ɗaya ba ne. Da farko na ɗauka tsari ne irin na manya, har ina yaba musu. Sai da wani abokina da ya karanta shari'a ya kawo mini ziyara, ya duba takardar ɗaukata, ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hawa kan ƙaramin kamfanin da mutanensa ba su cika wani adadi ba, ƙungiyar ƙwadago kuma ba a yi mata rajista sai an tara wani adadin. Shi ya sa aka kasa mu uku yadda mahauci yake kasa nama, don kada wani kashi ya kai a ce ya kai.

Akwai kuma abin da suke kira hutu. Kafin ka cika shekara sai a ce ka je gida ka huta sati biyu, babu albashi. In ka dawo, in an kira ka ke nan, sai ka sake sa hannu a sabuwar takarda kamar yau ka fara. Ta haka mutum zai shekara goma yana sabon ma'aikaci. A shafi na biyu na takardar akwai layin da ya ce ka yarda ba za ka shiga kowace ƙungiya ba, ba kuma za ka tara ma'aikata a kan wata magana ba. Abokin nawa ya ce in aka je kotu ba lalle wannan layin ya tsaya ba. Na tambaye shi wa zai biya mini kuɗin motar zuwa kotun, sai ya kama wani zancen.

Haka muka yi ta lallaɓawa har aka cire tallafin mai. Wanda ya zauna a Abuja a lokacin ba sai na faɗa masa ba. A Karmo nake da ɗaki, ni da matata da 'yarmu da ba ta fara tafiya ba. Rabin hanyar zuwa aiki na mayar da ita ta ƙafa, in isa ƙofa rigata ta jiƙe sharkaf, in tsaya ina gaida mutanen da gilashin motarsu ba ya sauka. Da aka sanar da sabon mafi ƙarancin albashi, matata ce ta fara ji a rediyo, ta tare ni a bakin ƙofa da murna, har ta tsara abin da za a fara saya. Wata ya ƙare ba a ga komai ba, wani ma ya ƙare. Maƙwabcinmu masinja ne a wata ma'aikatar gwamnati, ba ya karatu kamar ni, ba ya tsayuwa kamar ni, amma shi yana da ƙungiyar da take buga masa tebur, nasa ya ƙaru. Ban yi masa hassada ba, Allah ya sani, amma duk ranar da na ji ƙamshin miyarsu raina sai ya ɓaci.

A cikin masu kula da fulawa akwai wani dattijo da kowa yake kira Baba. Mutumin Filato ne, Kirista, gashin kansa ya yi fari fat, yana haya a Jiwa inda ya samu ɗan fili yana taɓa noma. Ɗansa ya rasu ya bar masa jikoki biyu, su yake riƙo shi da matarsa. A da can ma'aikacin masaƙa ne a Kaduna, har aka rufe ta. In muka zauna cin abinci da rana a bayan ɗakin janareta, inda kyamara ba ta kaiwa, yakan ba mu labarin lokacin da ma'aikata suke da baki: yadda ake zaɓen wakili a kowane sashe, yadda ake zama da Turawan kamfani a yi ta ja har a daidaita, yadda ba a isa a kori mutum ba sai an faɗi laifinsa a gaban 'yan'uwansa. Shi kansa ya taɓa zama wakilin sashensu. Yana ce mini ɗan boko, ni kuma ina tsokanarsa da cewa shugaban ma'aikata guda ya koma yi wa ciyawa aski. Da azumi ba ya cin abinci a gabanmu, sai ya ɗauki ledarsa ya koma can bayan tanki.

Labaran nan nasa su suka zuga ni, ko da yake shi ba don zuga yake ba da su ba. Ranar da na ce masa ya kamata mu rubuta wa kamfani, sai ya girgiza kai. Ya ce abin da yake ba mu labari wani zamani ne, lokacin akwai doka a bayansu, akwai ofishin ƙungiya da za a gudu a kai ƙara. Mu kuwa a takarda ko kamfani ɗaya ba mu ba ne. Ni kuma da ma ina da saurin fushi, gadonsa na yi. Na ce masa ashe dai labarin na cika baki ne, in an zo aiki sai a noƙe. Ya ci gaba da wanke almakashinsa. Wannan maganar tana cikin abubuwan da nake jin kunyar tunawa.

Wata Lahadi da nake hutu na je wani shagon buga takardu a Gwarinpa na rubuta wasiƙar. Na zuba mata ladabi iya ladabi, na yi godiya, na yi addu'a, sannan na roƙi abu uku: a biya mu sabon albashin da aka sanar, a daina hutun da babu biya, a bar mu mu zaɓi mutum biyu da za su riƙa magana da ofis a madadinmu duka, masu gadi da masu shara da masu fulawa. A ƙasa na ja layuka, na sa lamba daga ɗaya har ƙasa, wurin suna da wurin sa hannu. Da na karanta wa Baba, ina fassara masa inda Turancin ya yi nauyi, sai ya ce biyun farko za su iya haɗiyewa, na ukun ne ba za su yafe ba, in cire shi. Na ce in aka cire na ukun to bara muka je yi ba magana ba. Ya ce to, ni ne mai boko.

Ranar Laraba da rana muka taru a bayan ɗakin janareta, wasu suna zuwa wasu suna komawa bakin aiki don kada a lura. Kowa ya ji abin da ke ciki, kowa ya ce ya yi. Aka kifa bokiti, na shimfiɗa takardar a kai, na ciro biro. Masu cewa ya yi ɗazu duk suka koma kallon takalmansu.

A nan nake son in faɗi gaskiya, domin na daɗe ina faɗa wa kaina rabinta. A gidanmu a Zariya ba a sa hannu a kwano kafin babba, ba a shiga ƙofa a gabansa, ba a fara magana yana zaune. Wannan a jinina yake, kuma a jinin duk wanda yake wurin, Musulmi da Kirista, don ko mutanen Nasarawa da Binuwai da ke cikinmu haka aka raine su. Yaro kamar ni ya ɗora sunansa a saman na mai furfura, da sai an yi da ni. Wannan gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma cewa da na kalli lamba ɗaya ɗin nan babu kowa a gabanta, gabana ya faɗi, kuma na ji daɗi da tarbiyya ta ba ni hanyar fita. Na riƙe biron da hannu biyu na miƙa wa Baba.

Na ce, "Baba, bismillah. Kai ne babba."

Nan take wurin ya farfaɗo. Kowa ya ce haka ne, ai Baba ne uba, wa zai shiga gabansa. Baba ya karɓi biron. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ɗago ya kalle ni, kallon da a lokacin na ɗauka na gajiya ne. Sai ya ce, "To." Ya durƙusa a gaban bokitin ya rubuta sunansa cikakke, harafi bayan harafi, da irin rubutun 'yan makarantar mishan na da, ya sa hannu.

Daga nan abin ya koma kamar rabon goro a wurin suna. Aka bi shekaru. Wata mai shara 'yar Nasarawa da muke kira Mama ita ta biyo, sai wani tsohon soja a cikinmu masu gadi. Har gardama aka yi ta girmamawa, wannan ya ce ai kai ne yayana, wancan ya ce a'a, lokacin da aka yi kaza ni ina goye. Muna dariya, wallahi muna dariya. Ni da na rubuta wasiƙar tun daga bismillah har ƙarshe, sunana ya faɗo can kusa da ƙasa, tsakanin wasu samari biyu masu wankin tayil. Na koma ƙofa ina jin kaina kamar wani jagora.

Mai share ofis ta ajiye takardar a teburin manaja ranar Juma'a. Ya zo ya same ta. Ya fito ya shiga motarsa, har ya ɗaga mini hannu. Ranar Talata ya dawo, ya sa aka riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya.

Manajan ba wani mugu ba ne a ido. Matashi ne mai tsabta, mai sanyin murya, ba ya zagi. Ba ɗan Arewa ba ne, Hausarsa ta ciniki ce kawai, kuma ban ga alamar ya san abin da ake nufi da bai wa babba hanya ba. Shi a wurinsa takarda takarda ce: wanda sunansa yake sama shi ne ya kitsa, sauran mabiya ne. Ga shi kuma a cikin waɗanda suka riga ni shiga wani ya riga ya faɗa masa cewa tsohon nan ɗan ƙungiya ne tun a Kaduna. Komai ya haɗu masa daidai. Da na shiga, takardar tana gabansa, ya zagaye lamba ɗaya da jan biro. Ya nemo sunana da yatsa, sai da ya gangara sosai kafin ya same shi. Ya tambayi lafiyar iyalina, ya tuna mini layin nan na shafi na biyu, ya ce ya san yara irinmu ba mu da matsala, ana dai amfani da mu ne. Sannan ya tambaye ni da Turanci ko tsohon ne ya kawo takardar ya ce mu sa hannu.

Ina iya tuna sanyin na'urar ɗakin a kan gumin wuyana. Ina iya tuna cewa 'yata na zazzaɓi a satin. Ba don in wanke kaina nake faɗa ba, abin da ya zo mini ke nan a lokacin.

Na ce, "Oga, ni dai na ga ana sa hannu ne, na sa."

Ya gyaɗa kai, ya ce in koma bakin aiki. Duk abin bai kai minti uku ba. Mutumin da ya ce wa dattijo mai cika baki, shi ne ya fito daga ofis ɗin nan yana godiya.

Ba su kori Baba ba, domin su ba sa kora. Cewa aka yi lokacin hutunsa ya yi, alhali saura wata huɗu. Ya miƙa almakashi da rigar aiki, ya bi mu ɗaya-ɗaya ya yi sallama, ya ce sai bayan sati biyu, mu ma muka ce sai bayan sati biyu, kowa ya san ƙarya muke yi. Sati biyu suka wuce, aka kawo wani a madadinsa.

Na yi ƙoƙarin in sake tara mutane, in ce mu je gaba ɗaya mu faɗa wa manaja yadda aka yi. Tsohon sojan ya ce shi ya gama yaƙi. Samarin suka riƙa kauce mini. Mama kuwa ta ajiye tsintsiya ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Abeg, ɗan boko, ka bar mu. Kai ne ya rubuta, shi ne ya tafi. Ni yarana uku yana makaranta. In kana da magana, ga ofis can, ƙafanka biyu."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushinta har na kwana biyu ba na gaishe ta. Ofis ɗin taku kaɗan ne daga ƙofata. Talata da Juma'a nawa na shirya maganar a bakina, in ga motarsa ta shigo, in ce bari ya huta tukuna, in ce bari ya gama waya, har ya fito ya tafi.

A ƙarshen watan sai ga ƙari a albashinmu. Bai kai abin da muka roƙa ba, bai ko kama hanya ba, amma ƙari ne. Tare da shi aka kawo sabuwar takarda, layin nan na ƙungiya an mayar da shi shafin farko da manyan baƙaƙe. Muka sa hannu, wannan karon kowa a tasa, babu wanda ya jira babba. Na karɓi ƙarin na kai gida, matata ta yi murna, aka sayi maganin yarinya, aka sa kifi a miya. Na ci, kuma ya yi mini daɗi, wannan ne ya fi damuna.

Sai da aka yi kusan wata biyu na iya zuwa Jiwa. Na same shi a bayan gari yana cirar ciyawa a cikin masara, ya rame, amma da ya gan ni ya washe baki yana cewa yau ɗan boko ne a ƙauye. Muka zauna a gindin wata bishiya. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi lafiyar matarsa, na tambayi yara, daga ƙarshe dai na sunkuyar da kai na faɗa masa abin da manaja ya tambaye ni da abin da na amsa. Na zaci zai yi fushi, har ina so ya yi, ko na samu sauƙi. Sai ya ce ai ya sani, ko ban faɗa ba, don da na faɗi gaskiya da mu biyu ne a gonar nan, kuma gonar ba ta isa biyu ba.

Sannan ya ce a masaƙa ba haka suke sa hannu a irin wannan takarda ba. Faranti suke kifawa a tsakiyar farar takarda su zana da'ira, kowa ya rubuta sunansa a kewaye, yadda duk ta inda ka juya ta ba za ka ce ga na farko ba. Jin haka sai zuciyata ta tashi, fushin da ya kamata in yi da kaina na juye masa. Na ce to me ya hana shi faɗa tun a ranar, yana kallo na ja layuka na sa lamba?

Ya ce, "Na manta, ɗana. Shekaru da yawa. Sai da biro ya shiga hannuna na tuna. Kuma ka ga fuskokinsu a lokacin. Da na mayar maka da biron nan na ce a sake takarda, ba wanda zai dawo gobe."

Ya tambaye ni ko gaskiya ne an yi ƙari, na ce an yi ɗan kaɗan. Ya ce to ai ba a yi asara duka ba.

Da zan tafi ya ce akwai abin da zan taimaka masa da shi. Wata makaranta mai zaman kanta a Gwarinpa tana neman mai kula da fili, wani ɗan cocinsu ya yi masa hanya, sun ga shekarunsa sun yi jim, amma sun ce in ya kawo takardar shaida daga inda ya bari, cewa ya yi aiki lafiya, za su ɗauke shi. Sun ba shi zuwa ƙarshen wata. Ya kira lambar ofis ba a ɗauka. So yake ya zo da kansa ya ga manaja, ido da ido, don ya san yaron ba zai iya hana shi layi biyu a takarda ba in yana tsaye a gabansa. Na yi farat na ce ya zo ranar Talata da safe, ni ne a ƙofa, ni da kaina zan kai shi har teburin. Har da dukan ƙirji. Na dawo gida ranar ina jin kamar an sauke mini kaya, ga dama ta samu da zan gyara ko kaɗan ne.

Ranar Litinin da na zo karɓar aiki, sai na tarar da sabuwar sanarwa manne a bangon ɗakin gadi, daga ciki, inda baƙo ba zai gani ba. Hoton Baba ne, wanda aka ɗauka don katin aiki, yana ɗan murmushi. A ƙasa an rubuta cewa ba a yarda ya shigo ba ko da wane dalili, kuma mai gadin da ya bar shi ya wuce ya ɗauka shi ma ya ajiye aiki. Daga baya na ji cewa ɗan cocin nasu ne ya kira manaja don ya sa baki, da kyakkyawar niyya, ya faɗa masa tsohon yana nan tafe. Na tsaya a gaban hoton nan har wanda zan canja ya taɓa ni ya ce lafiya. Ina da lambar Baba. Tun daga safe har yamma wayar tana hannuna, na kasa kira in ce kada ya zo, domin in na kira sai na faɗi dalili, in na faɗi dalili kuma na amsa ke nan cewa ba zan buɗe ba. Na bar wa gobe, ina fatan ruwan sama ko rashin mota, ko manaja ya ƙi zuwa.

Manaja ya zo da wuri ranar. Ya ajiye motarsa a inuwar da ya saba, daidai inda duk wanda ya tsaya a ƙofa zai hango ta. Wajen ƙarfe goma na hango Baba yana tahowa daga bakin titi, a ƙafa. Ya sa kayan zuwa coci, riga fara da wando mai kari, ya goge takalmi, yana riƙe da ambulan a cikin leda don kada ya yi datti. Tun daga nesa ya ɗaga mini hannu.

Na fita ta ƙaramar ƙofa na jawo ta a bayana, na tsaya a gabanta. Na gaishe shi har ƙasa, na tambayi gida, na tambayi hanya, na sake tambayar gida. Kyamara tana saman kaina. Yana amsawa yana jira in matsa, ni kuma ban matsa ba. Duk abin da na shirya, cewa an hana, cewa ya yi haƙuri, cewa zan karɓi ambulan ɗin in shigar masa, babu wanda ya fito.

Na ce, "Baba, oga bai zo ba yau."

Ya kalle ni. Ya ɗan karkata ya duba ta tsakanin ƙarafan ƙofar, inda motar take a inuwa, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dawo da idonsa kaina, babu fushi a ciki, da ma akwai da na fi so. Ya gyara riƙon ledarsa.

Ya ce, "To, ba komai. Yaya jikin yarinyar?"

Na ce ta warke. Ya ce madalla, a gaida uwarta. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"In ya zo, ka ce masa na zo."

Na ce, "To, Baba."

Na bi bayansa da kallo har ya kai bakin titi, ya tsaya yana jiran motoci su wuce kafin ya tsallaka. Makarantar ta ɗauki wani a ƙarshen watan. Na ƙara shekara ɗaya da rabi a ƙofar nan, ina ganin manajan sau biyu a sati, kuma ban taɓa faɗa masa cewa Baba ya zo ba.